Tumatin da ke tsayuwa da kansa a faranti

Lokacin ɗari idan tumati ya cika kasuwar Dole, masu lambu na Mirriya da Gidimuni sun kawo shi kwando-kwando har ka rasa wurin taka ƙafa, raina yakan ɓaci wallahi, saboda abu biyu kawai muke yi da shi, ko miya ko a yanka a shanya ya zama kauda, sauran kuwa ya ruɓe a gindin tebur. Bana ne na ce sai na gwada wani abu da 'yar gwaggona da ke aure a Amurka ta daɗe tana ba ni labari, su can suna ce mishi aspik na tumati. Ruwan tumati ne ake dafawa da kayan ƙamshi a sa mishi abin da zai daskarar da shi, a zuba a mul irin na gato mai rami a tsakiya, idan ya kwana a firigo a kife shi a faranti ya tsaya ja wur yana rawa.

Abincin mutanen kudancin Amurka ne musamman, kuma ba shi ne babban abinci ba, a gefe ake ajiye shi kusa da kaza ko kifi, bisa ganyen salati da ɗan mayonez. Ya yi tashe sosai wajen shekarun 1950 lokacin da firigo ya shiga gidajensu. A da can daskarar da romo aikin masu kuɗi ne, sai an wuni ana dafa ƙashi da ƙafar dabba, Faransawa sun daɗe suna yi da nama da ƙwai, har kamfani irin su Knox na jihar Niyok suka fara sayar da garin jelatin a ɗan sashe tun shekarun 1890, sai abin ya zama kowace mace za ta iya. Sashe guda giram 7 ne, yana kama kusan rabin lita.

To a nan fa na tsaya. Yawancin jelatin ɗin da ake yi a Turai da Amurka daga fatar alade ake ciro shi, don haka duk wanda ba a rubuta halal ko na saniya ko na kifi a jikinsa ba ni ba na kusantarsa, kuma don Allah ku riƙa duba bayan kwali kafin ku saya. Na samu na saniya, na yi na farko ranar wata Juma'a cikin watan Maris, ya kama kyau a firigo, amma ina fito da shi tsakar gida kafin maigida ya dawo daga masallaci ya kwanta ya koma ruwa. Abin ya yi mini ciwo don tun asuba nake kansa. Jelatin yana narkewa ne wajen digiri 35, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki da daɗi, mu kuwa Damagaram idan bazara ta kama 40 ma wucewa muke, balle a ɗauke kuran da rana.

Inna tana zaune a tabarma tana kallona, ta ce "Ke 'yar nan, wannan ai romon ƙafar sa ne da ya kwana, me kike wahalar da kanki da sashe?" Na ce "Inna, wallahi gaskiyarki." Duk wadda ta taɓa dafa ƙafar sa lokacin hunturu ta san da safe romon yakan kama ya yi kamar ƙulli sai an mai da shi wuta, to wannan shi ne jelatin ɗin, ba wani abu ba. Na gwada hanyarta, ƙafa guda na bar ta a ƙaramar wuta kusan awa shida, na tace, da ya huce na kwashe kitsen da ya taso, na haɗa da ruwan tumati. A ɗanɗano babu kamarsa, yana da nauyi a baki, maigida ya ce wannan shi ne abinci. Sai dai shi ma zafi ba ya ƙyale shi, na lokacin sanyi ne.

Na bazara kuwa agar-agar na koma, wani gari ne da ake samu daga ciyawar teku, Japanawa sun daɗe da shi, babu dabba a ciki balle shakku. Shi idan ya kama sai zafi ya kai wajen digiri 85 yake narkewa, ko azahar ɗin Afrilu ba ta iya mishi komai. Ba ya rawa kamar jelatin, yankuwa yake tsaf kamar dafaffen ƙwai, ni dai na yarda da wannan musayar.

Ga yadda nake yi yanzu. Tumati nunanne sosai kamar kilo ɗaya da rabi, in yanka in zuba a tukunya da albasa guda, seleri, ganyen lore biyu, tafarnuwa kaɗan, kanumfari uku da rabin tugande, su dahu minti 20 haka nan sai in murje a rariya in fid da ɓawo da 'ya'ya, in samu kamar lita guda. In sa gishiri, sukari ƙaramin cokali, ruwan lemun tsami guda. In dama agar giram 5 a ɗan ruwan sanyi in juye, ya tafasa minti biyu ina motsawa, dole ya tafasa fa, idan bai tafasa ba ba zai kama ba. Idan jelatin ne akasin haka, jiƙa shi ake a ruwan sanyi minti biyar a zuba bayan an sauke tukunya, sashe biyu da rabi don ya tsaya da kyau, kuma sai ya yi awa huɗu ko ya kwana a firigo.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar ɗanɗano. Sanyi yana kashe gishiri da yaji, idan kika ɗanɗana da zafi kika ji daidai to in ya huce lami zai zama, sai kin ji kamar ya ɗan wuce kaɗan. Su can wani ruwan barkono suke ɗigawa, mu da muke da tugande da citta me za mu jira? Kuma kada ki yi da tumatin gwangwani zalla, ɗaci yake yi da ƙarnin ƙarfe.

Mul ɗin a ɗauraye shi da ruwa kada a goge, wanda ba shi da mul kwanon silba ma ya isa ko kofunan shayi kowa da nasa. Wajen kifewa na agar wuƙa ake zagayawa a gefe, na jelatin a tsoma gindin kwanon a ruwan ɗumi daƙiƙa biyar. Ramin tsakiya nakan cika shi da kokombur da dafaffen ƙwai.

Azumin da ya wuce na kai wa maƙwabciyata faranti guda gab da shan ruwa, yaranta suka yi ta taɓa shi da yatsa sun zaci alewa ce. Bayan isha'i ta aiko babbar 'yarta da kwano, wai idan akwai saura a sa wa Malam na sahur, kuma gobe tana nan zuwa da tumatinta in nuna mata.