Gida ɗaya, iyalai da yawa: tsara gidan karkara mai kiyaye muhalli

Duk lokacin da aka ta da maganar gida mai kiyaye muhalli, abin da yake fara zuwa zukatan mutane shi ne farantan sola a kan rufi da jerin batura a lungun ɗaki, kamar dai kiyaye muhalli wani kaya ne da ake sayowa a liƙa wa gini bayan an kammala shi. Ni a ganina, idan iyalai biyar ko shida suka yanke shawarar gina gida ɗaya a karkara domin su zauna tare, to mafi girman alherin da za su yi wa muhalli sun riga sun yi shi tun kafin a haƙa harsashi, domin sun amince su haɗa rijiya ɗaya da babbar madafa ɗaya da wurin wanki ɗaya, a maimakon kowa ya gina nasa. Aikin da ya rage wa mai zanen gini shi ne ya tsara wurin ta yadda wannan amincewa za ta ɗore shekara da shekaru, saboda ginin da mazaunansa suka watse suka bari asara ne tsantsa, komai kyawun kayan da aka gina shi da su.

Wannan ne ya sa nake so a fara da tambayar abin da za a yi tarayya a kansa da abin da kowane iyali zai riƙe nasa, kafin a kai ga batun tubali da rufi. An daɗe da sanin cewa zo mu zauna, zo mu saɓa ne, kuma yawancin saɓanin zaman tare daga ƙananan abubuwa yake tasowa: hayaniyar da ke ratsa bango da tsakar dare, da tukunyar da aka bari ba a wanke ba, da rashin wurin da mutum zai rufe ƙofa ya kaɗaita da iyalinsa. A lardin Fujian na ƙasar Sin akwai manyan gidajen ƙasa da ake kira tulou, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya 46 daga cikinsu a jerin kayan tarihi na duniya a shekarar 2008. Wasu da'ira ne, wasu kuma masu kusurwa huɗu, suna kaiwa hawa uku zuwa biyar, kuma mafi girmansu sukan ɗauki ɗaruruwan mutane. Ƙofar shiga ɗaya ce, tsakar gida ta kowa ce, rijiya ma haka, amma an yanka ginin daga ƙasa zuwa sama ta yadda kowane iyali ke da nasa kaso: madafa a hawan ƙasa, ma'ajiyar hatsi a hawa na biyu, ɗakunan kwana a can sama. Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne cewa duk da tsananin kusancin da ke tsakaninsu, babu iyalin da aka raba da murhunsa.

Masu gina unguwannin zaman tare a ƙasar Danmak sun isa ga irin wannan fahimta ta wata hanyar daban. A shekarar 1972 iyalai 27 suka tare a Saettedammen, arewa da birnin Kwapanhagan, kuma tsarin da ya yaɗu daga irin waɗannan unguwanni shi ne kowane iyali ya sami ɗan madaidaicin sashe mai ƙaramin kicin da banɗaki, sannan a gina babban sashe na kowa da kowa inda ake da babbar madafa da ɗakin cin abinci da wurin wanki da ɗakin baƙi, a kuma bar motoci a gefen fili domin mutane su riƙa tafiya da ƙafa suna haɗuwa a hanya. Ribar wannan ga muhalli a fili take. Ɗakin baƙi ɗaya ya ishi iyalai shida, tunda da wuya dukkansu su yi baƙi a dare ɗaya, kuma kowane ɗakin da ba a gina ba siminti ne da katako da kwanon rufi da aka bari a inda suke.

Saboda haka shawarata ga mai zane ita ce ya ɗauki hanyar da mutum zai bi daga bakin ƙofar gida zuwa gadonsa a matsayin matakai, kowane mataki ya fi na bayansa sirri. Da farko tsakar gida da babbar madafa, inda kowa ke ganin kowa. Sai baranda ko rumfa a gaban kowane sashe, inda mutum zai zauna a gaishe shi ba tare da an shiga masa ɗaki ba. Sai falon iyali. Sai ɗakin kwana wanda tagarsa ke kallon bayan gida, ba tsakar gida ba. Kada a yarda ɗakunan kwana na iyalai biyu su haɗa bango ɗaya. A sa ma'ajiya ko banɗaki a tsakaninsu, domin sauti ya mutu kafin ya ƙetara. Babbar madafa kuma a ajiye ta a wurin da kowa zai wuce ta gabanta idan zai shiga ko zai fita, ta yadda mai girki zai iya hango yara suna wasa, domin wurin tarayyar da aka kai can ƙurya da wuya a yi amfani da shi. Sashen tsofaffi da masu lalurar tafiya ya kasance a ƙasa, babu matakala, kusa da inda jama'a ke taruwa, saboda su ne suka fi daɗewa a gida da rana kuma su ne kaɗaici ya fi yi wa illa.

Bayan an gama wannan ne ake duba filin da kansa, kuma ban ga abin da zai maye gurbin zuwa a tsaya a cikinsa a lokuta dabam-dabam na shekara ba. A ga inda ruwa ke kwanciya bayan an yi mamako, a ga ta inda iska ke kaɗawa da rani da kuma lokacin sanyi, a ga bishiyoyin da inuwarsu za ta amfani ginin domin kada a sare su. Ƙasa mafi albarka a bar wa lambu, gini ya hau kan tudu ko inda shuka ba ta yi sosai. A yankuna masu zafi an fi so ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, domin dogayen bangayensa su fuskanci kudu da arewa, inda rufi mai leɓe zai iya kare su daga rana. Ranar safe da ta la'asar kuwa, wadda ke dukan bango kai tsaye tana ƙasa-ƙasa, sai ta tarar da gajerun bangaye masu ƙananan tagogi. A yankuna masu sanyi na arewacin duniya manyan tagogi kudu ake juya su, don hasken rana ya shiga ya ɗumama ɗaki da hunturu. Wannan duka ba ya cin ko sisi, amma idan aka kuskure shi, mazauna gidan za su yi ta biyan kuɗin fanka da na'urar sanyaya ɗaki muddin ginin na tsaye.

A kan kayan gini, ina goyon bayan ƙasa, kuma ina da dalili. Sarrafa siminti na buƙatar a gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyos, kuma masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a sararin samaniya. Ƙasar gini kuwa sau da yawa tana nan a cikin filin, har ramin da aka haƙo ta zai iya zama tafkin tara ruwa. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i da dama, lokacin da gari ya riga ya yi sanyi an buɗe tagogi, shi ya sa ya fi dacewa da wuraren da rana ke da zafi dare kuma ke da sanyi. Inda ake da zafi da laima dare da rana, gini marar nauyi wanda iska ke ratsawa ya fi. Raunin bangon ƙasa ruwa ne, daga sama da kuma daga ƙasa, don haka wajibi ne a ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke fantsama, a kuma ba shi rufin da ya zarce shi sosai. Ba na cikin masu cewa a haramta siminti gaba ɗaya. A yi amfani da shi a harsashi da tankin ruwa, a kuma gauraya kaɗan a cikin bulon ƙasa da ake matsewa da inji idan ƙasar wurin na buƙata.

Makarantar firamare da mai zanen gini Francis Kéré ya gina a ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso, wadda aka kammala a shekarar 2001, ta nuna yadda ake haɗa ƙasa da kwano ba tare da ɗaki ya koma tanda ba. Bangayen na bulon ƙasa ne, silin ma na ƙasa ne, sai aka ɗaga faffaɗan rufin kwano a kan ƙarafa ya tsaya nesa da silin, iska tana wucewa ta tsakaninsu tana kwashe zafi, kwanon kuma yana kare bangaye daga ruwan sama. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu, kuma a 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar yabo ta Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine. Sai a kwatanta wannan da ƙauyen Sabuwar Gurna da mai zanen gini Hassan Fathy ya zana kusa da Luksor a Masar a shekarun 1940. Ginin ƙasa ne mai ban sha'awa, mai kubbobi da inuwa, amma hukuma ce ta ƙudurta tayar da mutanen tsohuwar Gurna daga inda suke zaune a kan tsofaffin kaburbura ta mayar da su sabon ƙauyen, su kuma ba su so tashi ba, aikin ya tsaya ba a kammala ba. Gwanintar mai zane ba ta gaza ba a can. Abin da aka rasa shi ne yardar waɗanda za su zauna. Gidan da iyalai za su yi tarayya a cikinsa dole ne su zauna da mai zane tun daga takardar farko, mata da maza, har da samari da 'yan matan da za su girma a ciki.

Batun ruwa yana son lissafi, kuma lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Idan rufin gidan ya kai murabba'in mita 200 a yankin da ake samun milimita 800 a shekara, lita 160,000 ke nan a lissafi, idan kuma aka cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke zubewa da ruwan farko mai datti da ake bari ya wuce, za a tsira da lita 128,000. Mutum ashirin da kowannensu ke amfani da lita 50 a rana za su ƙarar da wannan cikin kwana 128. Ma'ana ruwan rufi taimako ne babba amma ba zai ɗauki gidan shekara guda ba, sai an haɗa da rijiya, sai kuma an koyi amfani da ruwa sau biyu: na wanka da wanki a bi da shi ta ramin tsakuwa da yashi mai ciyayi, ya tace, ya tafi gindin bishiyoyi. Masai kuwa a nisanta shi da rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance a gangare ƙasa da ita. Mai rami biyu ya fi, domin idan ɗaya ya cika sai a rufe shi shekara ɗaya ko biyu ana amfani da ɗayan, har abin da ke ciki ya rikiɗe ya zama taki.

Wuta ba sai na tsawaita ba, tunda gidan da aka fuskantar daidai buƙatarsa kaɗan ce. Tsarin sola ɗaya na gidan duka ya fi araha da sauƙin kulawa a kan shida ƙanana, kuma a mayar da ayyuka masu cin wuta, kamar turo ruwa zuwa tanki da wanki, zuwa tsakar rana domin a rage wa batura nauyi. Abin da ba zan yarda a yi sakaci da shi ba shi ne hayaƙin girki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana da hannu a mutuwar kimanin mutum miliyan uku a kowace shekara. Madafar da za a riƙa dafa wa mutum ashirin abinci tana buƙatar murhu mai bututun hayaƙi da tagogi a ɓangarori biyu.

Akwai kuma abin da ba a zana shi a takardar gini amma ginin zai iya sauƙaƙa shi. Elinor Ostrom, wadda ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna tarayya a kan dazuzzuka da wuraren kiwo da ruwan ban ruwa ba tare da sun lalata su ba, ta gano cewa suna da iyakoki bayyanannu, su ne suke kafa wa kansu dokoki, suna iya ganin abin da kowa ke ɗiba, kuma suna da hanya mai sauƙi ta sasanta rikici. A gidan tarayya wannan na nufin a sa wa kowane sashe mitar wuta da ta ruwa, ba don rashin yarda da juna ba, sai don a toshe ƙofar zato tun kafin ta buɗe. A ba kowane iyali kabad mai makulli a babbar ma'ajiya. A kuma tanadi ɗakin da zai ɗauki dukkan manyan gidan a zama ɗaya. Bangon ƙasa yana son a duba yaɓensa kafin damina, indararo yana son shara, tanki yana son wanki, don haka a rubuta wanda zai yi kowane aiki da asusun da za a riƙa tarawa don gyara, a kuma rubuta yadda za a yi da kason iyalin da ya so tashi.

Idan kuɗi ba su isa a gina komai lokaci guda ba, kuma da wuya su isa, to a fara da rijiya da tanki da babbar madafa da masai, sannan a bi da sassan iyalai ɗaya bayan ɗaya, a bar fili a ƙarshen kowane sashe inda za a ƙara ɗaki idan iyali ya yi yawa. Bishiyoyin inuwa kuwa a dasa su a yamma da ginin tun a daminar farko, a kewaye su don kada masu aiki su tattake su, domin za su ɗauki shekaru kafin inuwarsu ta kai bango.