Gwajin jijiyar kunne da lantarki: wuyana ne ya ji a jikinsa

Har yanzu ina jin haushin tsoron da na kwana da shi saboda kalmar lantarki. Da likita a wani asibiti a Alƙahira ya ce za a tsokano jijiyar daidaiton kunnena da wuta, gabana ya faɗi. Ashe wutar ba ta wuce miliamfiya (ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki) 3 zuwa 4 ba, a bugu gajeru da ba a ƙyafta ido kafin su wuce. An manna waya ɗaya a ƙashin bayan kunne, ɗaya a goshi. Ƙaiƙayi ne kawai da ɗan tsikari.

Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne wuya. Amsar jijiyar a tsokar gefen wuya ake karanta ta, wadda ke sauka daga bayan kunne zuwa ƙashin ƙirji, kuma sai tana ɗaure take nunawa. Ana kwantar da kai, a ce ka ɗaga kai daga matashi ka riƙe. Sannan a maimaita bayan ka saki wuyan, don su cire hayaniyar da wutar kanta ke jefawa cikin na'ura. Wuyana ya soma rawa, kaina ya zame, layin da na'urar ke zanawa ya lalace. Ma'aikaciyar ta ce a sake daga farko. Na biya kuɗin tafinta na ƙarin lokaci, na koma masauki wuya a sanƙare, ko waiwaye ba na iyawa.

Amma dalilin gwajin ya cancanci wahalar. Irin wannan gwajin da ake yi da ƙarar sauti, wanda aka fara yi mini, bai ba da amsa a kunnen hagu ba. Ƙara sai ta ratsa ta gaɓoɓin cikin kunne kafin ta kai jijiya. Lantarki kuwa jijiyar yake taɓawa kai tsaye. Idan duka biyun suka yi shiru, ana zargin jijiyar ce, har da yiwuwar ƙari a kanta. Nawa na lantarki ya amsa. Likitan ya ce alamu sun fi karkata ga ciwon Meniya, wanda ke zuwa da juwa da ƙugin kunne da raguwar ji, ko da yake bai sallame ni ba sai da hoton MRI ya fito. Alhamdu lillahi, babu ƙari.

Duk wanda aka rubuta wa gwajin nan, ya tambaya ko za a bari ya zauna ya juya kai gefe maimakon ɗagawa a kwance, tunda ita ma hanya ce ta ɗaure tsokar. Ya kuma tambaya tun kafin ranar ko zai dakatar da maganin jiri, musamman idan za a haɗa da gwajin ɗura ruwa mai digiri 30 da 44 a kunne. In kana da tsohon ciwon wuya, ko na'urar bugun zuciya a ƙirji, faɗa musu kafin su manna maka waya ko ɗaya.