Karatun jinya ta waya: wa ya gamsu da shi?

A watan Maris na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu saboda annobar korona, ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Bayan wasu makonni malamanmu suka koma ba da darasi ta Zoom da WhatsApp, kuma gaskiya da farko abin ya yi mini daɗi. Darasin sassan jikin ɗan Adam da na magunguna, waɗanda a aji sukan wuce ni kamar iska, sai ga shi ina sauraron muryar malami sau uku ko huɗu har sai na gane, ina tsayar da shi a inda na ga dama. Har ƙawayena masu jin nauyin ɗaga hannu a gaban jama'a suka fara rubuta tambayoyi ba tare da ɗar-ɗar ba.

Wahalar data da yankewar sabis da kai waya wurin mai caji idan an ɗauke wuta, duk mun sha ta, amma ba ita ce ta fi damuna ba.

Abin da ya dame ni ya bayyana ne ranar da muka koma asibiti, aka ce in saka wa wata tsohuwa kanula domin ƙarin ruwa, bayan gudawa ta tsotse ta. Na kalli bidiyon wannan aiki ya fi a ƙirga, na haddace matakansa ɗaya bayan ɗaya, amma da na ɗaure mata hannu sai na rasa jijiya, hannuna yana rawa. Sistar da ke kula da mu ta kama ɗan yatsana ta ɗora a bayan hannun tsohuwar, ta ce, "'Yata, daina nema da ido, taɓa ki ji." A nan na ji jijiyar tana motsi a hankali ƙarƙashin fata, abin da babu allon waya da ya taɓa nuna mini.

Shi ya sa idan aka raba mana takardar tambaya ko mun gamsu da karatun intanet, nake ganin an haɗa mutane biyu a tambaya ɗaya. Nas ɗin da ta shekara goma tana aikin dare, ta shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa domin neman digiri, za ta ce ta gamsu ƙwarai, kuma tana da gaskiya, domin hannunta ya riga ya san aiki, ga shi ba ta bar 'ya'yanta da albashinta ba. Ɗalibar da ba ta taɓa juya majinyaci a gado ba kuwa, ita ma tana iya cewa ta gamsu, kamar yadda ni ma na rubuta a lokacin, makonni kaɗan kafin in tsaya a gaban gadon tsohuwar nan.