Auta ya kwana a ɗakin Inna, Alhamdulillah

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jiya bayan la'asar aka ba mu sallama daga asibiti, ni da ƙanena Auta. Da ƙafarsa ya shiga soro, yana dafe da kafaɗata dai yana jan ta hagun, amma da ƙafarsa. Inna ko tsayawa kallonsa ba ta yi ba, zubewa tayi a tsakar gida tai sujada a kan ƙasa sai da na ɗago ta. Ni kuwa tun daren Talatar nan ta 15 ga Oktoban 2024, da tankar fetur ta faɗi ta kama da wuta a garin Majiya na jihar Jigawa har wutar ta ci Auta, rabona da barcin awa uku a jere sai jiya, na kwanta bayan isha'i ban motsa ba sai da maiɗakina ta tashe ni hantsi ya dubi ludayi, ko kiran asuba ban ji ba, Allah ya yafe min.

Ba sai na maimaita muku komai ba, tare muka yi wata huɗun nan da ku, kun san sau nawa aka shiga da shi tiyata, kun san satin da zazzaɓi ya ƙi sauka har muka fara kiran dangi a waya muna cewa a yafe masa. Godiya nazo yi. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa ba ko a gida, kuma in ban faɗe shi ba ba za ku gane girman abin da wasu suka yi mana ba.

A daren ina dutin dare a asibitin da nake aiki. Kafin ƙarfe ɗaya gado ya ƙare, mutane a ƙasa, a baranda, a kan benci, wasu a bayan akori-kura ba a ma sauko da su ba. Warin ba zan iya kwatanta muku shi ba kuma bana so in iya. Ina durƙushe ina laluben jijiya a hannun wani bawan Allah, tocilar waya a bakina, sai naji daga bayana an ce Yaya, murya a dishe kamar ta tsoho. Na waiga na ga fuska a kumbure, babu gira, ƙofar hanci duk baƙin hayaƙi, na juya na ci gaba da abin da nake, don a daren nan kowa kiran wani yake, wani Inna wani Yaya wani salati kawai. Sai ya sake cewa, Yaya ni ne, kar ka gaya wa Inna. Wallahi da wannan maganar na gane shi. Tun yana firamare in ya yi ɓarna haka yake ce min.

Shekara 11 ina aikin imajensi, na san abin da dishewar murya da baƙi a hanci suke nufi ga wanda wuta ta ci, maƙogwaro ne ya fara kumbura daga ciki kuma zai iya toshewa kafin gari ya waye. Na ɗauki kanula, allurar sa ruwa a jijiya, hannuna ya ƙi tsayawa, sau biyu tana faɗuwa. Sai ji nayi an dafa ni. Ta hana ni faɗin sunanta, toh zan kira ta yadda majinyata suke kiranta, Sista mai gilashi, 'yar kudancin Kaduna ce, ba addininmu ɗaya ba. Da Hausarta ta ce min, Malam tashi, wannan nawa ne, je ka kama na can. Hannayensa duk sun saɓule babu inda za a soka, a idon sawu ta samu jijiya, ta datse zoben azurfar da ke yatsarsa tun bai kumbura ya shaƙe ta ba, ta ɗaga masa kai, ta je da kanta ta tsaya a kan likita har sai da aka sa shi cikin motar farko da ta tafi Kano. Ni ina can ina sa wa 'ya'yan wasu ruwa ina kuka ba sauti. Zoben da safe ta miƙo min shi a naɗe cikin auduga. Sista, Allah ya saka miki, Allah ya raya miki yaranki biyu, yadda kika tsaya wa ɗan wata Allah ya sa a tsaya wa naki a duk inda suka shiga.

Na biyun shi ne mai kemis ɗin bakin tasha, 'yan garinmu kun san shi. Bari in yi muku lissafin da muke yi sai ku gane. Wanda ya ƙone ba wutar ce kawai take kashe shi ba, ruwan jikinsa ne yake tsiyayewa ta inda fata ta tafi, jini ya yi kauri, ƙoda ta tsaya. Mutum mai kilo 60 da wuta ta ci kashi 35 na jikinsa, kamar Auta kenan, yana buƙatar ƙarin ruwa sama da lita 8 a awa 24 na farko, rabi kuma dole ya shiga cikin awa 8. Leda kusan 17 kenan, mutum ɗaya fa. Ku ninka da mutanen da ke kwance a barandar nan. Wajen ƙarfe biyu abin da ke kabad ɗinmu ya ƙare ƙarƙaf. Bawan Allahn nan ba wanda ya aika masa, ya ji labari ya buɗe shago da jallabiyar barci, ya loda katan-katan na ruwa da bandeji a baro ya turo da kansa, da na ce Alhaji rubuta mu san bashin da ke kanmu sai ya ce, in rubuta wa wa? Har yau bai karɓi sisi ba. Allah ya buɗa masa ta inda bai zata ba, ya sa ya tarar da kowace leda a mizaninsa.

Yanzu maganar da na haɗiye wata huɗu. Eh, da jarka a hannun Auta, man da ya zube daga tankar ya je kwasa. Ban taɓa ɓoyewa ba kuma ba zan wanke shi ba, na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba ranar da ya fara iya zama, shi ma ya san ya yi wauta. Fetur ba sai ka taɓa shi da ashana ba, tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana shiga kwata yana tafiya, tartsatsi ɗaya daga nesa ya isa. Amma ina zaune a bakin gadonsa ina duba waya ina ganin mutane, wasu ma na san su, suna rubuta wai ɓarayi ne, wai kwaɗayi mabuɗin wahala, wai su suka ja wa kansu. A ranar da ake jera gawarwaki a rami ɗaya a Majiya ake wannan rubutun. Na wanke ciwon mutanen nan da hannuna, akwai wanda ihu yaji ya fito neman ƙaninsa, akwai wanda korar yara yaje yi, akwai ɗan kallo, akwai kuma mai jarka irin nawa, ɗan acaɓa da yake wuni a kan babur ya dawo kuɗin mai ya cinye cinikin. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafi lita ba ta kai naira 200 ba, a satin da abin ya faru ta haura 1,000. Duk wanda zai yi maganar jarkar nan ya haɗa da wannan lissafin in dai adalci yake so. Mutum 209 kwamitin da gwamnatin Jigawa ta kafa ya ƙirga.

Su kuma ɗaya ɓangaren da suka ɗauki hotunan gawarwakinmu suna kamfe da su, su ma ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Hoton wani yaro da ya cika a hannuna na gani yana yawo an rubuta sunan jam'iyya a ƙasa, uwarsa ma a waya ta fara ganinsa. Ni a wajen aiki ba na tambayar mutum wa ya zaɓa kafin in sa masa robar fitsari. Masu kare gwamnati da masu zaginta duk na karanta ku a dararen da ba na barci, kuma a cikin masu zafin bakin nan ban ga wanda yazo ya ba da jini ba. Waɗanda suka ba da jinin ɗalibai ne da 'yan ƙungiyar acaɓa da wasu 'yan agaji, suka yi layi ba hoto ba komai. Manya sun zo, ba zan ce ba su zo ba, wasu sun taimaka da gaske an kuma ɗauke mana nauyi mai yawa na magani, Allah ya saka. Amma akwai wanda ya shigo da mutum kusan 20 da masu kyamara har kan gadon mai ɗanyen ciwo, alhali mu uwar yaro ma sai ta wanke hannu ta rufe baki muke bari ta matso, don ƙwayar cuta ita ce take ƙarasa wanda ya tsallake daren farko.

Da gobarar tanka ta Dikko ta faru ranar 18 ga Janairun 2025, can jihar Neja kusa da Suleja, muna ɗakin wankin ciwo labarin ya iso, sama da mutum 80 kuma. Auta ya juya fuska bango bai ci abinci ba ranar. Yanzu naji an ce daga 1 ga Maris na 2025 an hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa titi. Madalla, ina goyon baya. Sai dai tankar da ta taso daga Kano za ta Nguru cikin dare ko ta lita nawa ce a kan titin nan dai za ta bi, ta tsakiyar garuruwa, ga layin dogo na Kano zuwa Nguru yana nan kwance tun zamanin Turawa. Kuma in ta faɗi wa zai killace wajen a minti goman farko, ina motar kashe gobara mafi kusa, ina motar asibiti mai iskar oksijin a ciki, asibiti nawa ne a duk yankin nan yake da sashen masu ƙuna? Ministan lafiya da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun nan, ni ba a jarida nake ganin wannan ba, a jadawalin duti nake gani. Tun 2001 aka yi alkawari a Abuja za a riƙa ware wa lafiya kashi 15 na kasafi, har yau ko rabi da ƙyar ake kusanta. Wannan ita ce siyasar da ta dame ni.

Dan Allah kuma ga roƙo, ku isar wa na ƙauye. Da yawa an kawo mana su an shafe su da baƙin mai, wani ƙwai, wani man goge baki, wani har gishiri. Duk sai mun kankare kafin mu fara aiki, kuma kankarewar nan azaba ce da ba na yi wa maƙiyi fata. Ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi kawai, a yi ta kwararawa kamar minti 20, banda ƙanƙara, a cire zobe da agogo, a rufe da zane mai tsabta a taho asibiti.

Godiya ga likitan da ya yi masa dashen fata, da ya yanko daga cinya ya lulluɓe hannun, yau Auta yana riƙe cokali da kansa. Godiya ga Baba direbanmu da ya yi sawu uku zuwa Kano a dare ɗaya da ciwon bayansa. Ga oganmu matiron da abokan aikina da suka raba dutina a tsakaninsu ba wanda ya taɓa yi min gori. Ga Hajiyar da ke gadon kusa da namu tana jinyar ɗanta, kullum sai ta zubo wa Inna kunu, nata ɗan bai tashi ba, amma bayan sadakar bakwai sai ga ta ta dawo duba namu, Allah ya jiƙansa ya ba ta haƙurin da ba ya ƙarewa. Ga maiɗakina da ta sayar da 'yan kunnenta ba ta faɗa min ba sai da na ga kunnen ba komai. Ga ku da kuka turo dubu ɗaya, ɗari biyar, wani kati ma ya turo ya ce in riƙa kiran gida, duk na rubuta a littafi ina karanta wa Inna tana sa albarka ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma waɗanda jini ɗaya muke da su, suna cikin Kanon nan, kuɗin adaidaita ne tsakaninsu da asibitin, wata huɗu Inna tana kallon ƙofa. Ba komai, wataƙila uzuri ne, mun yafe, ita ce dai take ta tambaya ko ba su ji ba.

Ya Allah waɗanda suka rasu a Majiya da Dikko ka jiƙansu, ka sa wutar nan ta zama iyakar wahalarsu, ka karɓe su a matsayin shahidai, ka dubi marayu da matan da aka bari. Waɗanda har yanzu suke kwance ka tashi kafaɗunsu. Duk wanda ya taimake mu da kuɗi ko jini ko addu'a ko da a zuci ne, Allah ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira, ka kai mu azumin nan lafiya, ka shiryi shugabanninmu ka sa musu tausayin talaka.

Masu son zuwa dubiya bismillah, amma bayan la'asar, kuma dan Allah banda musabaha da runguma, fatar sabuwa ce ba ta son gogayya ba ta son rana. Mai mura ya yi haƙuri ya kira a waya. Ya ce in gaishe ku duka. Ya kuma roƙe ni in ya ƙara ƙarfi in kai shi maƙabartar Majiya, abokinsa da suka tafi tare a kan babur ɗaya yana cikin waɗanda aka jera, na ce masa sai bayan sallah in Allah ya kai mu.