Wata tara ina shan maganin taifod, ashe ƙari ne a kaina

Har yau in zan zura zare a allura sai na karkata kaina gefe, don idon hagu ya daina yi min aiki. Duk sanda na yi haka sai wata taran da na ɓata su faɗo min a rai.

Da ciwon kai ya fara, amma ba irin wanda na saba ba. Wannan tun kafin kiran assalatu yake tashe ni, kamar an kifa min turmi a ka. In na yi sujada ya ƙaru, in na yi tari ma haka, wani lokacin har da amai. Da hantsi sai ya lafa, in hau keke in ci gaba da ɗinkin mutane. Mai kemis ɗin layinmu ya ce taifod ce da maleriya, ya haɗa min allurai. Sau uku ana gwada jinina, sau uku ana cewa taifod. Da na fara gani hazo-hazo na ce ai aikin keke ne, na sayi tabarau a hannun mai talla a kasuwa. Tabarau fa!

Ranar da na faɗi a tsakar gida ina jijjiga, gida ya yanke hukunci cewa iska ne. Surukata ta ce wa maigidana, "Kai ta ruƙiyya, wannan ba na asibiti ba ne." Ban raina addu'a ba, ita ta riƙe ni, amma wata biyu muka ƙara a nan. Mace ta kusa arba'in, ba ta taɓa farfaɗiya ba, rana tsaka ta fara, ai hoton ƙwaƙwalwa ya kamata a fara yi mata. Babu wanda ya faɗa mana.

Likitar ido ce Allah ya sa ta gano. Ta haska cikin idona, ta daɗe tana leƙawa, sannan ta ajiye fitilar ta ce, "Hajiya, jijiyar ganinki ta kumbura, wani abu ne yake matsa ta daga cikin kai. Kada ki kwana ba a yi miki hoton ƙwaƙwalwa na MRI ba." Hoto ya fito da ƙari kamar ƙwan kaza. Meningioma sunansa, yana tsirowa ne daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, a hankali yake girma, ya fi kama mata, kuma yawancinsa ba daji ba ne. Na yi hamdala da jin haka. Sai likita ya tuna min cewa ƙoƙon kai ba ya buɗewa, duk abin da ya girma a ciki sai ya danne na kusa da shi.

Aka ba ni dexamethasone don kumburi ya sauka, fuskata ta yi suntum, aka yi tiyata, aka cire ƙarin, Alhamdulillahi. Tabon yana ƙarƙashin ɗankwali.

Abin da ba a cire ba shi ne ɓarnar jinkiri. Na tambayi likita yaushe idon zai dawo, ya yi shiru, sannan ya ce jijiyar gani in ta mutu ba ta farfaɗowa. Bai ce da na zo da wuri ba. Ni na faɗa wa kaina, kuma har yau ina faɗa.

Yanzu Tegretol, maganin farfaɗiya, nake sha safe da yamma, ba fashi, ko azumi ya zo sai na koma wurin likita ya tsara min lokaci. Ba na jan ruwa a rijiya, ba na zama gaban murhu ni kaɗai. Gajiya da wuri take kama ni, ga mantuwa. Da can awon mata goma na riƙe a ka, yanzu ko tsawon hannun riga sai na rubuta a littafi. Duk shekara kuma sai an sake hoto, don ƙarin yakan iya dawowa, kuma daren da zan karɓi sakamako ba na runtsawa.

Mai kemis ɗin yana nan, muna gaisawa. Rannan har ya ce in ciwon kan ya taso in aiko yaro.