Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu

Makon jiya na tsaya a inda muka tare a Jesi. Yau zan tsallake shekaru, don maganar takobin nan ta hana ni sakat.

Jesi ƙaramin gari ne a Italiya, kusa da Ancona, amma babu yaron da bai san Valentina Vezzali ba. 'Yar garin ce, haihuwar 1974. Zinare shida ta kwaso a wasan takobi na Olamfik, uku daga ciki ita kaɗai ta ci su a jere, 2000 da 2004 da 2008. Takobin nata, wanda suke kira fioretto, siriri ne kamar tsumagiya. Ba a sara da shi, tsininsa kawai ake dangwala wa gangar jikin abokin karawa, fitila ta kama.

A 2008 ɗin babbar 'yata ta dawo makaranta da takarda, wai in sa hannu ta shiga koyo. Shekararta tara. Na buga wa Baffa waya, tunda ba a yanke magana a gidanmu sai da shi. Ya ce, "Mace da makami, ai gida ya tashi." Na ninke takardar na cusa a aljihun kayan aiki, uwargida ta wanke ta da ita, ta fito kamar tuwon kwana. Baffa bai taɓa ganin takobin nan ba, Allah ya jiƙansa. Na tabbata na dogaran sarki ya hango.

Daga baya ma wani tsoho a wurin aikinmu ya ba ni labarin Ezio Triccoli, malamin da ya kafa makarantar takobin garin a 1947. Ashe a sansanin fursunonin yaƙi ya koyo wasan, can Afirka ta Kudu. Na yi dariya ni kaɗai.

Mace da makami. Vezzali ɗin nan 'yar sanda ce, ta haihu a 2005, wata huɗu tsakani ta ci gasar duniya. Gidan wa ya tashi?

Ranar da ta fi ci mini rai a 2012 ce, cikin azumi, dab da shan ruwa. Vezzali, mai shekara 38, tana neman tagulla a Landan da wata 'yar Koriya. An ba ta ratar huɗu, daƙiƙoƙi ƙalilan suka rage. Ta rama, ta rama, har ta ci 13 da 12. Maƙwabta suna ta ihu ta taga. Na waiga, sai na ga 'yar tawa ba talabijin take kallo ba, ni take kallo. Ta ce, "Baba, ga dabino," ta ajiye faranti ta shige ɗaki.

A shekarar da aka ba Vezzali kula da harkar wasanni a gwamnatin Firaminista Draghi, 2021, muka aurar da 'yar tawa. Wannan kuma, da rigimar lefen da dangin uwarta suka tayar, sai mako mai zuwa.