Modem mai aron ƙwaƙwalwa

A shekarar 2002 ina yaron shago a wani kafen intanet a Nima, nan Akra. Kwamfuta takwas gare mu, layin tarho ɗaya, dukansu kuma suna shan intanet ta wata na'ura mai Windows 98 da ke lungu. Damina na sauka, tsawa ta biyo waya ta ƙone mana modem. Alhaji, maigidana, ya ba ni kuɗin sabo, ya ce tun da na ishe shi da zancen Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kishiyar Windows, sai in ɗora shi a kan na'urar lungun mu gani.

Na je kasuwar Circle na samo modem mai siffar kati, irin na PCI da ake sokawa a cikin kwamfuta, kwalinsa ɗauke da 56K da V.90 da manyan baƙaƙe, na dawo da canji ina taƙama. Kwana uku ina fama. Linux ya san akwai kati a cikin na'urar, amma wvdial, manhajar buga layin intanet a Linux, ya bi ƙofofin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya ya ce bai ga modem ba.

Ashe abin da ake kira Winmodem na sayo. Modem na gaske yana da ƙwaƙwalwarsa: shi ke mayar da bayanai su zama wannan kukan da muke ji a layi, shi ke gyara kurakurai, kuma yana jin umarnin AT da kamfanin Hayes ya fito da shi tun 1981. Ka rubuta masa ATZ, ya amsa OK, ba ruwansa da ko Windows ne, ko DOS, ko Linux. Shi kuwa nawa, an cire masa waɗannan sassa don ya yi araha, an bar wa direba aikin, wato manhajar da ke tafiyar da katin da aron ƙwaƙwalwar kwamfuta, direban kuma na Windows kaɗai ne a faifan. Ko a Windows ɗin ma, direban 98 ba lallai ya hau XP ba, ga shi yana cinye ƙarfin tsohuwar Pentium har linzami ya riƙa tsalle. Wasu masu cif ɗin Lucent sun samu direban Linux. Nawa ba ya cikinsu. Na USB ma haka suke, wasu cikakku, da yawa 'yan aro, kuma kwali ba ya faɗa maka. Daga ranar na koma karanta lambar da ke kan cif.

Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, araha ba ta ado. Canjin da ka kawo, haɗa ka koma."

Na dawo da tsohon modem na waje, na hannu, mai wayar siriyal da jerin jajayen fitilu. Na soke shi a ƙofar COM1, wadda Linux ke kira ttyS0, kafin a kira la'asar ya fara kukansa. Katin kuwa ya ƙare a kwamfutar ɗan Alhaji a gida, mai Windows 98, inda ya yi aiki lafiya lau. Modem ɗin wajen, in hadari ya haɗo ta gefen teku, ni ne mai gudu in zare masa wayar tarho.